Ƙulli a Bakin Zani

Inna Sauda ta zura hannu a aljihun rigar kafin ta tsoma ta a ruwan omo, kamar yadda take yi wa kowace riga, sai yatsunta suka taɓo wata 'yar leda a ƙudundune. Ta zaro ta warware. Ƙwayoyin sukari ne guda huɗu, farare tas, irin na kwali da masu shayi ke jefawa a kofi.

Ta daɗe a tsugune tana kallonsu har kumfar hannunta ta bushe. Rigar ta Mika'ilu ce, ɗanta na fari, mutumin da ciwon suga ya tsotse har hularsa ta yi masa yawa. Sukari a aljihun Mika'ilu! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wato duk wahalar da aka sha, duk zirga-zirgar birni, duk allurar da yake caka wa cikinsa safe da yamma, ashe yana komawa bayan rumbu yana tsotsar abin da zai kashe shi. Haushi ya taso mata, tausayi ya biyo baya ya danne shi. Allah sarki, mutum shekara guda bai ɗanɗana zaƙi ba, ai dole ransa ya biya.

Da wani ne cikin ƙannensa, wallahi da tuni ta same shi har ɗaki ta wanke shi tas. Amma wannan ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai", sai "wancan". Ranar da aka yaye shi kakarsa ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, can ya girma. In zazzaɓi ya kama shi yana yaro, sai dai ta ƙirƙiri aron ludayi ta je ta saci kallonsa ta dawo. Haka ta tarar ana yi a Ɗorawar Liman, haka uwarta ta yi wa yayanta. Matan gari kuwa sun yaba mata har sun gaji: "Sauda akwai kara, Sauda akwai alkunya." Ita ma, gaskiya, tana jin daɗin yabon.

To yanzu da wane baki za ta tare shi ta ce ta laluba aljihunsa? Ta miƙe, ta watsa wa akuya ƙwayoyin, ta dawo ta ci gaba da wankinta.

*

Ciwon bai fara da suga ba. Da ciki ya fara, wani irin murɗa da ke tasowa daga ƙahon zuci ya ratsa har gadon baya, musamman in ya ci abu mai maiƙo. Aka ce gyambon ciki ne, aka ce basir ne, wasu suka ce shawara. Mai kemis ya ba da nasa, mai mota da lasifika a kasuwar Ɗambatta ya ba da nasa a jarka, aka yi rubutu aka sha. Shekara biyu ana abu ɗaya. Daga baya ƙishirwa ta zo, fitsari ya ƙi tsayawa, tsoka ta zube. Da aka auna jininsa aka ce suga ne, amma ma'aikacin ya girgiza kai ya ce tushen abin ya fi ƙarfinsu, sai an ga ƙwararren likita a birni.

Ganin ƙwararre kuwa, hmm, sai wanda ya je. Zuwan farko kati kawai aka ba shi, aka rubuta masa rana bayan wata huɗu. Zuwa na biyu ya tarar ana yajin aiki. A zuwa na uku matarsa Aina'u ta yi nauyi, cikinta na fari ya shiga wata takwas, ba ta iya zaman mota. Sauda ta yi ta juya abin a ranta, sannan ta yafa mayafi ta ce za ta je duba 'yar ƙanwarta a Ungogo, tunda mota ɗaya ce sai su fita tare. Kowa ya san ba wata 'yar ƙanwa da za a duba. Ba wanda ya tanka.

Ba ta taɓa ganin taron marasa lafiya irin na ranar ba. Benci ya cika, baranda ta cika, wasu sun shimfiɗa ɗankwali a ƙasa sun kwanta. Daga Kazaure, daga Daura, har da masu Hausar Nijar, kuma duk mutum ɗaya suke jira a bayan wata koriyar ƙofa. Wata ma'aikaciya mai farin kaya ta fito ta tsaya a tsakiya tana bayani da ƙarfi.

"Mai suga ba ya shan zaƙi! Ba lemo, ba zuma, ba rake, ba sukari a koko. Kun ji ko?"

Sauda ta kasa kunne ta haddace kamar karatun allo. Matar ta ci gaba da magana, amma daidai nan aka ɗauke wuta aka tada janareto a bayan tagar, sai bakinta kawai ake gani yana motsi.

Wata tsohuwa da ke kusa ta zunguri Sauda, ta nuna Mika'ilu da haɓa. "Ɗanki ne wancan? Kuna kama."

"Ɗan gidanmu ne," in ji Sauda, ta kau da kai.

Sai bayan azahar aka kira shi. "Mika'ilu Iliyasu! Ina mai jinyarsa? A shigo tare."

Ya waiwayo ya dube ta. Ta ji kallon har cikin ƙashinta. Amma ga tsohuwar nan a gefe, ga mata cike da benci, kuma yanzun nan ta gama cewa ɗan gidansu ne. Ta tsaya gyara mayafi, ta tsaya laluben takalmi da ƙafa. Kafin ta yunƙura an rufe ƙofa. Ta ce a ranta ba komai, ai ba yaro ba ne, zai ji da kunnensa. Carbinta bai zagaya sau uku ba sai ga shi ya fito, an riga an kira na bayansa. Wata tara na jira, abin da aka samu ke nan, sai wata takarda da Turanci wadda ba mai iya karanta ta a gidan.

A mota yana kallon taga ya yi magana, kamar da gonakin hanya yake.

"Wai wata 'yar tsoka ce a bayan tumbi, fankiriyas suke ce mata. Ita ce ta lalace, ita ce kuma mai daidaita suga. Allura zan riƙa yi wa kaina har iya rai. An ce in koma bayan wata shida."

"Allah ya sawwaƙe," in ji ta, tana kallon ɗaya tagar.

Ta so ta tambaye shi me kuma likitan ya ce, amma kunya ta hana ta. Sauran bayanin matarsa ya kai wa.

*

Da haihuwa ta matso, iyayen Aina'u suka aiko a kai ta gida Zakirai, ta haihu a can ta yi wankan jego. Ranar tafiya ta ja surukarta zuwa gindin randa, ta nuna mata wani gwangwani da aka binne a jiƙaƙƙen yashi.

"Inna, maganin allurar yana nan, ba ya son zafi. A riƙa yayyafa wa yashin ruwa. Sannan kuma…"

Mai babur ya danna oda a ƙofar gida, ya sake dannawa.

"Je ki, je ki, kada ya tafi ya bar ki," in ji Sauda. "Allah ya raba lafiya."

Haka girkinsa da wankinsa suka dawo hannunta, kuma a ɓoye ta ji wani daɗi da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Abin da aka hana ta yana ɗan shekara biyu, ga shi ya dawo mata yana da gemu. Ta ɗauki jinyar nan da gaske. Ta rage masa tuwo, ta ƙara ganye. Kullum da jiƙon shuwaka a galan, don kowa a garin ya san ɗaci ne maganin zaƙi. Ta kuma ƙara wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta, wato binciken aljihu. Sau uku tana samun leda, sau uku akuya tana shan daɗi.

Wata safiya tana tankaɗe ya zo ya tsaya daga nesa yana sosa ƙeya.

"Inna, ko an ga wani ɗan abu a aljihun farar rigata?"

Ba ta ɗago ba. "Ni aka ba gadin aljihunka?"

"A'a, dama dai…"

"Dama me? Mutum ya ji tsoron Allah ya tausaya wa kansa. Ga jariri an haifa masa."

Ta ga ƙafafunsa sun ɗan matso, kamar mai shirin tsugunawa ya yi magana. Kunya ta lulluɓe ta, don ba su taɓa doguwar magana irin wannan ba. Ta sure rariya ta shige ɗaki. Tana jin sa ya daɗe a tsaye kafin ya fita.

*

Gero ya nuna, ƙarfin Mika'ilu kuwa bai kai ya girbe gonar bayan gari shi kaɗai ba. Baba Mati, ƙanin mahaifinsa marigayi, ya kira masa gayya. Tun da sassafe Sauda da matan maƙwabta suka duƙufa dama furar 'yan aiki, ƙwarya uku manya, aka zuba nono da sukari yadda maza ke so.

Ta gan shi ya tono gwangwanin a gindin randa, ya shiga ɗaki ya yi allurarsa. Ya fito ya rataya shuɗiyar rigarsa ta gona a igiya, ya zaga bayan gida da buta. Ta dubi matan, hankalinsu na kan fura. Taku uku ta yi. Ledar tana nan kuwa, a aljihun ƙirji. Ba ta sami sukunin zuwa wajen akuya ba, sai ta ƙulle ta a bakin zaninta ta soke a ƙugu.

"Ɗumamen bai yi ba tukuna," ta faɗa wa iska da ya fito. "A jira kaɗan."

"Mutane sun riga sun taru, Inna. Ba daɗi su fara ba ni. Na ci in an kawo."

Ya zura rigar, ya dafa aljihun sama-sama, ya saɓi magirbi ya fita.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da suka isa gonar da ƙore a ka. An kwantar da fiye da rabin geron, maza na ta waƙar aiki suna tsokanar juna. Sauda ta hango shi can ƙarshen kunya, ya tsaya ya dogara da magirbi. Tana sauke ƙwarya ta ga ya durƙusa.

Kafin ta ƙarasa an kewaye shi, an janyo shi inuwar ɗorawa. Gumi ne ke tsattsafo masa kamar an kwara masa ruwa, jikinsa sanyi ƙalau, hannuwansa na karkarwa. Yana ta cusa yatsu a aljihun ƙirji, ya fito da su, ya sake cusawa, har ya zazzago aljihun waje.

"Suga," ya ce, harshensa ya yi nauyi. "Ku ba ni… suga."

"Kun ji ko?" in ji Baba Mati. "Ciwon ne ke magana da bakinsa. Suga ya hau masa kai. Ku matsa ku ba shi iska!"

Hadi, abokinsa tun na makarantar allo, ya ruga ya ɗebo fura a ludayi. "Baba, ko yunwa ce? Bari ya kurɓa ko kaɗan ne."

Baba Mati ya buge ludayin, fura ta watse a ƙasa. "Kai Hadi, kana da hankali kuwa? Ƙarasa shi za ka yi? Furar nan sukari ne zalla a cikinta! Yaya Sauda, ina ruwan ɗacin nan naki?"

Yana hannunta. Ta durƙusa, kuma a gaban maza sama da ashirin ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗago kansa ta ɗora a cinyarta. Idanunsa suka yi ta yawo kafin su same ta.

"Inna… aljihuna…"

Ƙullin yana nan a ƙugunta, tana jin tudunsa, tsakaninsa da kumatun ɗanta bai kai tafin hannu ba. Zuciyarta ta karye. Ta ji kamar ta kwance ta ba shi ƙwaya ɗaya tak, ko don roƙon nan ya tsaya. Sai muryar matar asibiti ta dawo mata raɗau. Ta sa hannu ta ƙara tura ƙullin ciki don kada ya gani ransa ya biya.

"Yi haƙuri," ta ce a hankali. "Daure ka sha wannan, shi ne lafiyarka."

Ta ɗura masa shuwaka. Ya ƙware, ya yi tari, rabi ya zubo ta gefen baki. Can jikinsa ya sandare ya fara fizga. Wani ya ce wannan kam ya wuce suga, iska ce, dama gindin ɗorawar nan ba a zama da rana tsaka. Aka ruga kiran liman, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Sai da aka yi azahar sannan aka sami wata motar ɗaukar dami da ta yarda ta kai su Ɗambatta.

A bayan motar, kansa na kan cinyarta, ta lura munsharin da yake yi ya canja, sannan ya tsaya. Ta girgiza kafaɗarsa.

"Kai. Kai!" Ta sake girgiza shi. "Mika'ilu! Mika'ilu!"

Baba Mati da Hadi suka sunkuyar da kai. Sunan ya yi mata baƙo a baki, ta yi ta maimaita shi har suka shiga gari. A asibiti wani ya fito ya haska idonsa, ya ce sai haƙuri, ya koma ciki wajen masu rai. Ba wanda ya tambaye su yadda aka yi, su ma ba su tambaya ba.

*

Aina'u ta dawo ɗakin mijinta ta shiga takaba da jaririnta Munir, bai ko yi arba'in ba. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa suna cewa ciwon suga mugun ciwo ne, kuma duk gari an shaida uwar ta yi iya yinta. Sauda tana amsawa da "sai haƙuri". Tana da abu ɗaya da take riƙe zuciyarta da shi: ko ba komai, ba ta bar shi ya sha guba a hannunta ba.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai, da hantsi, ta shiga ɗakin ta karɓi jaririn. Aina'u na ninke kayan mamacin da za a bayar, tana shafa kowane aljihu kafin ta ajiye.

"Inna, wace riga ya sa ran nan?"

"Shuɗiyar. Ta gona."

Hawayen Aina'u suka ɗiga a kan rigar da ke hannunta. "Ni abin da ya tsaya min a rai, ba ya taɓa fita ba sukari a aljihunsa. Ni nake ƙulla masa. Da zan tafi kwali guda na bar masa a ƙarƙashin katifa, ga shi nan ya kusa ƙarewa."

"Sukari?" in ji Sauda. "Ga mai suga?"

"Ai likitan ne ya ce. Wai allurar nan, in aka yi ta ba a ci abinci ba, ko aka yi aikin ƙarfi, sugan jiki faɗuwa yake yi ƙasa warwas, kuma wannan ya fi hawan saurin kisa. Ya ce da zarar ya ji gumi da karkarwa ya jefa uku a baki, ko ya sha duk wani abu mai zaƙi da ke kusa. Sau biyu abin yana kama shi a gabana, Inna. Kafin in ɗauraye kofi ya dawo garau yana min dariya."

Jaririn ya motsa. Sauda ta ƙara ƙanƙame shi don kada ya suɓuce.

"Likitan ya ce a gaya wa duk 'yan gida, wai shi ya sa ya so mai jinya ta shigo. Na ce masa ya faɗa miki, ya ce yana jin nauyi, kada ki ga kamar kwaɗayi ne yake nema wa hujja. Ni ma na so in faɗa ranar da zan tafi." Ta share ido da bayan hannu. "Hadi ya ce ya ga yana ta laluben aljihu. Wataƙila wajen sunkuyo suka zube a gona."

"Wataƙila," in ji Sauda.

Ta kwantar da yaron a kan katifa, ta gyara masa zani, ta fita. Tsakar gidan ya yi mata tsawo. Akuya ta taso da gudu tana shinshinar hannunta, ta ture ta.

Zanin da ta ɗaura ranar gayya yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta. Tun da ta cire shi ba ta iya ko kallonsa ba, don har yanzu da koren tabon shuwaka a jikinsa. Yau ta duba. Wani siririn layin kiyashi ya taso daga gindin bango, ya hau har ƙusar, ya gangara cikin zanin. Ta sauko da shi, ta zauna a ƙasa, ta kwance ƙullin da haƙori don ya ɗauru tam. Ledar ta huje. Ƙwaya biyu sun zama gari, biyu suna nan da sauran siffarsu.

Daga tsakar gida ta ji muryar Aina'u, a dishe.

"Inna, ga kunu an aiko daga gidan Baba Mati. In zuba miki sukari?"

Sauda ta zuba wa ledar ido. Kiyashin suka ci gaba da jidarsu, suna bi ta kan yatsunta da ɗan fari-fari a baki, suna gangarawa ramin da ke gindin bango.